Yis ya tsiro a jinin mara lafiya a ɗakin kulawa ta musamman: fulukonazol ya wadatar ko kuwa?

Rijistan_Dare:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Zan faɗi wata magana da na san za ta jawo min suka, amma gara a yi ta a fili. Ni a ganina, wannan karatun da ake ta nanata mana, cewa duk wanda ke kwance rai a hannun Allah aka ga Kandida, wato ƙwayar cuta ta yis (wani nau'in fangas), a jininsa sai an fara masa da alluran da ake kira ekinokandin, karatun masu hali ne. A nan fulukonazol ne maganin yis ɗin da ke hannu, shi dangi ke iya saye, shi ake samu ko ƙarfe biyun dare. Yanzu haka muna da wani matashi da taifot ta huda wa hanji, an yi masa tiyata, yana kan na'urar numfashi da robar babbar jijiya a wuya. Ya sha merofenem, antibayotik mai ƙarfi, har ya gaji, zazzaɓi ya ƙi sauka. Jiya 'yan ɗakin gwaji suka kira cewa yis ya tsiro a kwalbar jininsa, na rubuta fulukonazol. Abokin aikina ya ce ganganci na yi. Ku raba mu.

DanLab_Zazzau:
Wa alaikumus salam Dakta. Kafin manya su zo, ni dai na yaba da abu ɗaya: ba ka ce dauɗar fata ce ba. Sau nawa muke kiran waya mu ce yis ya fito, a ce mana "ai ƙila wajen ɗibar jinin ne aka gurɓata". Kandida a jini ba a yi mata wannan uzurin, ko da kwalba ɗaya ce tak cikin huɗu ta nuna. Kuma ku tuna gwajin nan namu kusan rabin masu cutar kawai yake kamawa. In har ya kama, to abin ya yi ƙarfi.

AntiMaiBarci:
Ƙanina, kafin a raba ku, amsa min waɗannan. Nawa ka rubuta? Yana kan maganin ɗaga hawan jini? Ya taɓa shan fulukonazol a wannan kwanciyar ko kafin ta? Robar wuyan tana nan?

Rijistan_Dare:
Anti, miligiram 200 kullum ta jijiya. Yana kan noradirenalin amma kaɗan. Ban ga inda aka taɓa ba shi fulukonazol a fayil ba. Robar tana nan, don jijiyoyin hannunsa duk sun ƙare.

AntiMaiBarci:
To ka ga, gardamarku da abokinka ba ta ma taɓo inda ciwon yake ba. Ko da fulukonazol ɗin za a yi, 200 ba magani ba ne ga Kandida a jini. Ranar farko 800 ake zubawa, wato 12 a kowane kilo na nauyinsa, sannan 400 kullum. Wanda ya ba da 200 ya kashe kuɗin dangi, ya kuma kwantar wa kansa da hankali a banza cewa an fara magani.

Na biyu, robar. Kandida tana gina wani danƙo a jikin roba wanda fulukonazol ba ya iya ratsawa yadda ya kamata. Ka nemi wani wurin ka sa sabuwa, ka cire wannan yau, kada ka zura sabuwa ta ramin tsohuwar.

Na uku, wanda ke kan noradirenalin ba ya cikin mutanen da ƙa'idar ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta 2016 ta yarda a fara wa da fulukonazol. Abin da suka ce shi ne fulukonazol zaɓi ne na biyu, ga wanda jikinsa bai yi tsanani ba kuma ba a zargin ƙwayar ta bijire wa maganin. Naka ya yi tsanani. Don haka abokinka yana da gaskiya a littafi. Ko littafin zai yiwu a ɗakinku, wannan wata magana ce.

Famasis_Hadejawa:
Bari in ƙara wa maganar Anti lissafi, don kada a ce son tsada ne. A 2007 an buga wani gwaji da aka kara anidulafunjin, ɗaya daga cikin ekinokandin, da fulukonazol a kan masu wannan cuta. Waɗanda suka samu nasara a ƙarshen maganin jijiya kusan kashi 76 cikin 100 ne a ɓangaren anidulafunjin, kashi 60 a ɓangaren fulukonazol. Abin da ya fi ɗaure kai, har a kan albikans, nau'in Kandidar da fulukonazol ke ci, bambancin ya fito. Dalilin da ake bayarwa shi ne ekinokandin rushe bangon ƙwayar yake yi ya kashe ta, shi kuwa fulukonazol hana ta yaɗuwa yake yi ya bar wa garkuwar jiki sauran aikin. To wanda ke kan na'ura wace garkuwa ta rage masa?

Ga masu son rubutawa, ekinokandin ɗin uku ne, a miligiram: kasfofunjin 70 ranar farko sai 50 kullum, mikafunjin 100 kullum ba sai an ninka ba, anidulafunjin 200 sai 100. Babu wanda ake ragewa don ƙoda. Kuma tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna, saboda haka mai cewa kayan alatu ne ya sake dubawa.

Rijistan_Dare:
Famasis, jerin Hukumar Lafiya da ke Janiba daban, kantar maganinmu daban. Ka taɓa tsayawa gaban uban da ya riga ya sayar da shanunsa don tiyata ka ce masa ga wata allura kullum har mako biyu, kuma sai an aiko da ita daga Legas?

Famasis_Hadejawa:
Na tsaya, Dakta, ni ake kawo wa takardar ai. Amma wa ya ce mako biyu? In ya samu sauƙi, jinin ya wanke, aka tabbatar nau'in da fulukonazol ke ci ne, bayan kwana 5 zuwa 7 sai a sauko zuwa fulukonazol, har ma na haɗiya in cikinsa na karɓa. Kwalabe biyar ko bakwai ake nema, ba goma sha huɗu ba. Yadda ake yi wa dangi bayani ma yana sa su ce a'a ko to.

Dattijon_Tiyata:
Yara, kuna ta gardamar allura kun manta da cikin. Mutumin da hanjinsa ya huje, aka ɗinke, ya kwashe kwanaki yana zazzaɓi a kan merofenem, sannan yis ya fito a jini, ni tambayata ta farko: ɗinkin nan bai saki ba? Babu mugunya da ta taru a ƙarƙashin hanta ko a ƙugu? Kandida gidanta hanji ne. In ta samu ƙofa, kuma an share mata bakteriyar da ke takura mata, sai ta baje. Ku ɗauki hoton cikin, ko na'urar duban ciki ce kawai kuke da ita. In akwai taruwa a zuƙe ko a sake buɗewa, a kai ruwan ɗakin gwaji a sirinji, ba a ɗebo daga tsohuwar robar da ta kwana biyar tana zuba ba.

Akwai binciken da aka yi a Amurka a 2012 a kan waɗanda Kandida ta karya wa hawan jini. Waɗanda ba a haɗa musu magani da kawar da tushen cutar cikin awa 24 ba, kusan kashi 98 suka rasu. Waɗanda aka haɗa wa, kusan 53. Ko da ka samo allura mafi tsada a duniya, in ka bar mugunya a ciki ba ka yi komai ba.

Rijistan_Dare:
Godiya nake, ranka ya daɗe. Zan kira waɗanda suka yi aikin.

SistaHauwa_ICU:
Ba wanda ya ambaci ɗaya maganin yis ɗin, amfoterisin, ko don mu ne muke shan wahalarsa? 😅 In ekinokandin ya gagara kuma ana tsoron fulukonazol ba zai ci ba, ai shi ne na tsakiya, tsohon samfurin nan mai araha. Sai dai wanda bai taɓa rataya shi ba ya ji da kyau. Garin ruwan ɗorawa ne a kwalba, da ruwan allura zalla ake narka shi, sannan a zuba cikin ruwan sukari mai kashi 5. Kada a kuskura ya haɗu da ruwan gishiri, curewa yake yi. Amma kuma kafin a fara shi ana ba mara lafiya ruwan gishirin daban don kare ƙoda, sai a wanke layin da ruwan sukari. Nan ne sababbin ma'aikata ke rikicewa.

Akwai wata baiwar Allah da muka sa wa, bai fi awa ɗaya da farawa ba ta kama karkarwa har ƙarfen gadon yana ƙara, mijinta na leƙe ta gilashi yana salati ya ɗauka tafiya ce ta zo. Muka rage gudu, aka ba ta abin da ya kwantar da karkarwar, washegari muka riga shi da farasitamol. Ta tashi da ƙafarta, amma fa kullum muna bin fotasiyam ɗinta kamar mai bin bashi, ana ƙarawa yana zubewa.

LikitanƘoda_01:
Sista ta faɗi gaskiya. In za a yi amfoterisin ɗin gargajiya, a shirya auna ƙoda da fotasiyam akai-akai, da maganiziyam in ana iya aunawa, don in shi ya yi ƙasa fotasiyam ba zai taɓa tsayawa ba. Wanda ke kan noradirenalin ƙodarsa dama a bakin rami take. A janye jentamaisin da dikulofenak da duk wani abin da ke taɓa ƙoda. Samfurin da aka naɗe da kitse ya fi sauƙi a kan ƙoda, 3 zuwa 5 a kowane kilo, amma tsadarsa ta mayar da mu inda muka fito.

Kuma ga masu fulukonazol: in ƙoda ta yi rauni, 800 ɗin farko ba a taɓa shi, na kullum ne ake ragewa. Mai wankin ƙoda kuma a ba shi bayan wankin, don injin na ɗebe shi.

Maman_Ilham:
Ku yi haƙuri likitoci, ni ba ma'aikaciya ba ce, ina dai bin zauren. Wannan Kandidar ita ce dai ta ciwon sanyi da ke damun mata? Don ni ma an taɓa ba ni fulukonazol ƙwaya ɗaya a kemis. Kenan tana iya shiga jinina?

AntiMaiBarci:
Maman Ilham, dangi ɗaya ne, amma ki kwantar da hankalinki. Mai lafiya da ke yawo da ƙafarta, ƙaiƙayin gaba ba ya zama cutar jini. Sai an samu hanya: roba a babbar jijiya, hanji da ya huje, abinci ta jijiya, maganin kansa da ya karya garkuwa, doguwar kwanciya ana zuba antibayotik masu ƙarfi. Abin da zan roƙe ki da sauran mata shi ne a daina haɗiyar ƙwayar nan duk wata ba tare da an duba ba. Ba kowane ƙaiƙayi ne yis ba.

Maman_Ilham:
Na gode Anti Dakta, Allah ya saka.

DanLab_Zazzau:
In dawo kan tambayar asali. Duk gardamar nan ta fulukonazol ya isa ko bai isa ba, amsarta tana kan bencinmu, ba a kan gadon ba. In albikans ce ko farafsilosis, galibi yana ci. In kurusai ce, ba ya ci sam, haka aka halicce ta. Gilabrata kuma ba a amince mata. To me ya sa ake karɓar sakamakon da aka rubuta "an ga yis" kawai a yi shiru?

Dakta, ka je da kanka ka ce a yi maka gwajin tsiro. Ɗan yis ɗin ake sawa a ruwan jini a ajiye a zafin digiri 37 awa biyu zuwa uku, a duba a madubi. In ya fito da ɗan wutsiya mara ƙullin gindi, kusan albikans ce. Gwajin ba ya cin wani kuɗi. In kuma suna da faranti mai launi, albikans kore take fitowa, turofikalis shuɗi, kurusai ruwan hoda mai kaushi. Ba cikakken gwajin ƙarfin magani ba ne, amma ya fi tafiya a duhu nesa ba kusa ba.

Rijistan_Dare:
Wannan kam zan yi gobe da safe in sha Allah.

Dattijon_Tiyata:
Gobe? Yau.

Hausobisa_22:
Manyanmu tambaya. A ɗakinmu kusan duk wanda ya yi mako a kan na'ura, in aka kai majinar da aka zuƙo daga maƙogwaro sai Kandida ta fito. Fitsarin masu roba ma haka. Mu kan fara fulukonazol kawai. Ba daidai ba ne?

AntiMaiBarci:
Ba daidai ba ne, ɗana, kuma wannan ɗabi'ar ce ke lalata mana maganin da Rijista ke kārewa. Kandida a majina zama take yi kawai, da wuya ƙwarai ta haddasa ciwon huhu. Ta fitsari kuma, in babu alamar ciwo, cire robar ko canza ta shi ne maganin. Ana ware masu ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, da bakwaini masu ƙaramin nauyi sosai, da wanda za a yi wa aiki a mafitsara. Abin da waɗannan sakamakon ke gaya maka shi ne mutumin ya cika da yis a jiki, ka sa ido, ka ɗebi jini in zazzaɓi ya tashi.

Dr_Kurmi:
Anti a nan zan ɗan saɓa miki. Ɗan Lab da kansa ya ce jini rabi yake kamawa, kuma kwalbar na iya kwana biyu ko uku kafin ta nuna. Binciken 2006 da kowa ke kawowa ya nuna waɗanda aka fara wa magani ranar da aka ɗebi jinin kashi 15 suka rasu, waɗanda aka yi wa jinkirin kwana uku ko fiye kashi 41. To in ina da mai hanji a huje, an buɗe shi sau biyu, yana kan abinci ta jijiya, yis a fitsari da majina, hawan jini na faɗuwa, ni ba zan jira kwalba ba.

AntiMaiBarci:
Wanda ka siffanta ni ma ba zan jira ba, ai ya cika duk ma'aunin haɗari da ake lissafawa. Amma shi Hausobisa ba wannan yake nufi ba, kowa yake ba wa. Kuma ka tuna gwajin Faransa na 2016, inda aka ba masu tsananin ciwo da yis a jiki mikafunjin tun kafin a tabbatar, aka ba wasu ruwa kawai. Zuwa kwana 28 ba a ga ya ƙara yawan waɗanda suka rayu ba tare da cutar ba. In ka fara a kan zato, ka sa ranar da za ka zauna ka sake dubawa. In kwana huɗu ko biyar babu sauyi kuma babu abin da ya tsiro, a tsaya.

Dr_Kurmi:
A can suna da gwajin jini na beta-gulukan, mai nuna alamar fangas, da ke ba su ƙarfin halin tsayawa. Mu da me za mu tsaya?

AntiMaiBarci:
Da ido da fayil, kamar yadda muka fara.

Infirmiye_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan hujewar hanji ta taifot muna ganinta sosai, yawanci yara. Matsalarmu ba ta zaɓen magani ba ce, kwalbar jinin ma ba kullum ake samu ba. Tambayata, in an fara maganin, kwana nawa ake yi? Wasu na cewa sati biyu daga ranar da aka fara.

Famasis_Hadejawa:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba daga ranar farawa ba. Kwana 14 daga ranar da jini ya fara fitowa babu yis, kuma alamun ciwon sun lafa. Shi ya sa ake son a riƙa maimaita ɗibar jini kullum ko bayan kwana ɗaya har a samu mai tsabta. In ya ƙi wankewa, a nemi inda ta ɓuya: robar da ba a cire ba, bawul ɗin zuciya, gudan jini a jijiyar da robar ta zauna, ko mugunya a ciki. Waɗannan kuma sun wuce sati biyu nesa.

Likitar_Ido:
Kada a manta da mu. Kandida na iya sauka a bayan ido, kuma wanda ke kwance an sa shi barci ba zai ce miki yana gani dishi-dishi ba. Ƙa'idar 2016 ta ce a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a duba cikin makon farko. Muhimmancinsa ga wannan muhawarar: ekinokandin ba ya shiga ido sosai, haka fitsari da ruwan ƙwaƙwalwa. Fulukonazol kuwa yana shiga duka ukun. Don haka Rijista, akwai wuraren da maganinka ne sarki.

Dr_Kurmi:
Amma Hajiya ai ƙungiyar likitocin ido ta Amurka da kanta a 2021 ta ce ba sai an duba kowa ba, sai mai alama.

Likitar_Ido:
Haka ne, sun faɗa. Ni dai wanda ba ya iya magana in aka kira ni zan zo. Minti goma ne.

NasJarirai:
Mu a ɗakin bakwaini lissafin ya juye. Amfoterisin ɗin gargajiya da kuke tsoro, jarirai sun fi manya jure shi, 1 a kowane kilo, kuma shi ko fulukonazol ake fara wa da su, don a jariri cutar na saurin kai wa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Abin da ya fi damuna shi ne farafsilosis, wadda a hannunmu take yawo. Ƙumba mai tsawo, zobe, a taɓa wannan jariri a taɓa layin wancan. Ba a goge bakin robar da sifirit kafin a sa allura. Muna ta maganar kuɗin magani alhali sabulu bai kai komai ba.

DanLab_Zazzau:
Tunda an zo maganar hannu, a sa nau'in Kandidar nan auris a lissafi. A Japan aka fara bayyana ta a 2009, daga kunnen wata mara lafiya, yanzu ta addabi asibitoci a Indiya da Afirka ta Kudu da Kenya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin farko na fangas mafi haɗari. Mafi yawanta fulukonazol ba ya ci, tana makonni a kan ƙarfen gado da abin auna zafi, wasu magungunan goge-goge ba sa kashe ta, mai kulorin kuwa yana kashewa. Kuma tsofaffin na'urorin tantancewa suna ba ta sunan wata daban. In kuka ga yis ɗin da ba albikans ba ya fito a mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, kuma fulukonazol ya ƙi aiki, kada a zubar da farantin. A ajiye, a nemi inda za a aika.

Rijistan_Dare:
Na karanta duka. An ɗaga maganin zuwa yadda Anti ta ce, an cire robar wuya an sa wata a ɗaya gefen, masu tiyata za su duba cikin da yamma. Amma har yanzu ban sauka daga maganata gaba ɗaya ba. In gwajin tsiro ya nuna albikans, ni zan ci gaba da fulukonazol cikakke, in bar wa dangin kuɗinsu don aiki na biyu in ya kama.

Famasis_Hadejawa:
Ni kuma in ɗana ne a gadon, yana kan noradirenalin, zan nemo kwalabe biyar ɗin ko da albikans ce.

Dattijon_Tiyata:
Ku biyun duka ku jira hoton ciki tukuna.

SistaHauwa_ICU:
Famasis, in har dangin sun yarda za a aiko daga nesa, wanne za a ce su sayo? Firjin ɗakinmu in wuta ta ɗauke sai an tayar da janareta, wani lokacin sai an jima.

Famasis_Hadejawa:
Mikafunjin, Sista. Kwalbarsa da ba a buɗe ba tana zama a zafin ɗaki, a dai kare ta daga rana da zafi mai yawa, in an haɗa kuma a rufe ledar daga haske. Kasfofunjin da anidulafunjin firji suke so, digiri 2 zuwa 8, amfoterisin ɗin gargajiya ma haka, don haka in ɗayansu za a ɗauko a mota sai da kula mai ƙanƙara. Kuma a duba ko mara lafiyar yana shan rifamfisin, maganin tarin fuka, don yana rage ƙarfin fulukonazol a jini, kasfofunjin ma sai a bar shi a 70 kullum.

Hausobisa_22:
Na bakwaini fa, fulukonazol ɗin rigakafi da ake ba su sau biyu a mako, kowane ɗaki ne ya kamata ya yi ko sai inda cutar ta yi yawa? NasJarirai ko Anti, don Allah.